Idan Kamfanin da Ka Yi wa Aiki a Amurka Ya Karye: Makomar Inshorar Lafiyarka da ta Iyalinka

A watan Yulin 1986 kamfanin LTV, ɗaya daga cikin manyan masu narkar da ƙarfe a Amurka, ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Nan take ya daina biyan inshorar lafiya da ta rai ta tsofaffin ma'aikatansa, mutum kusan 78,000. Mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bakin wutar ƙarfe suka wayi gari babu mai biya musu kuɗin asibiti, kuma a lokacin babu wata doka bayyananniya da ta hana kamfanin yin haka. Kukan da aka yi ne ya sa majalisar dokokin ƙasar ta fara yin dokar wucin gadi, sannan a 1988 ta ƙara Sashe na 1114 a cikin dokar karyewar kamfanoni. Duk wanda ya yi ritaya daga wani kamfani a Amurka yana dogaro da katin inshorar kamfanin, wannan sashe ne garkuwarsa ta farko, kuma ya kamata ya san iyakar abin da take tarewa.

Ina rubuta wannan ne saboda 'yan uwanmu da suka yi shekara ashirin ko talatin suna aiki a masana'antu da asibitoci da manyan kantuna da kamfanonin jiragen sama na can, da kuma matansu, musamman waɗanda mazansu suka riga mu gidan gaskiya suka bar musu katin inshora. Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu tun daga nan shi ne: dokar Amurka ba ta yi wa ɗan fansho alkawarin cewa maganinsa zai dawwama ba. Lokaci ta ba shi, da kuma ta cewa kafin a yanke hukunci. Wanda ya yi amfani da lokacin yakan fita da abin riƙewa. Wanda ya ajiye wasiƙun kotu a ƙarƙashin katifa yana jiran komai ya lafa, shi ne yakan yi asarar da ba ta gyaruwa.

Fansho daban, magani daban

Mutane da yawa sukan haɗa biyun a wuri ɗaya, tun da kamfani ɗaya ne ya yi alkawarinsu. A idon doka ba su ko yi kama ba. Dokar ERISA ta 1974 ta tilasta wa kamfani ya riƙa tara kuɗin fansho a asusu na dabam, ta kuma ce idan ma'aikaci ya cika wasu shekaru, fanshon ya zama haƙƙinsa da ba a ƙwacewa. Ta kafa hukumar PBGC, wadda ke karɓar fanshon kamfanin da ya durƙushe ta ci gaba da biya har zuwa wani mizani. Inshorar lafiya ba ta samu ko ɗaya daga cikin waɗannan gata uku ba. Babu dokar da ta ce a tara mata kuɗi tun da wuri, shekarun aiki ba sa mayar da ita haƙƙi na dindindin, kuma PBGC ba ta biyan kuɗin asibitin kowa. Yawancin kamfanoni daga cinikin wannan shekara suke biyan maganin wannan shekara. Ranar da ciniki ya tsaya, babu wani rumbu a bayan gida da za a ɗebo.

Abin da ya faru da Bethlehem Steel ya nuna wannan ƙarara. Kamfanin ya shiga kotu a 2001. PBGC ta karɓi fanshon, tsofaffi suka ci gaba da samun kuɗinsu na wata, ko da wasu an rage musu. Inshorar lafiya kuwa aka rufe ta a ƙarshen Maris na 2003, ta shafi 'yan fansho da iyalansu kusan 95,000.

Saboda haka tambayar farko ita ce wa ke biyan maganinka a zahiri. Idan asusun ƙungiyar ƙwadago ne wanda kamfanoni da yawa ke zuba wa kuɗi, karyewar guda ɗaya ba lallai ta taɓa ka ba. Idan akwai asusun amana da aka riga aka ware, irin wanda ake kira VEBA, kuɗin da ke ciki ba na masu bin kamfanin bashi ba ne. Idan kuwa kamfanin ne ke biya daga aljihunsa, ko yake sayen inshora daga wani kamfanin yana biyan kuɗin wata-wata, to duk abin da ke ƙasa kai ya shafa.

Tambaya ta biyu ita ce a ƙarƙashin wane babi aka shigar da ƙarar, kuma takardar farko da za ta zo maka daga kotu za ta faɗa. Babi na 11 na kamfanin da ke son gyara al'amuransa ya ci gaba da aiki ne, ko ya sayar da kansa a hankali. Babi na 7 na rufewa ne: a naɗa wakili ya sayar da kaya ya raba wa masu bin bashi. Sashe na 1114 a Babi na 11 kaɗai yake aiki. A Babi na 7 inshorar takan mutu tare da kamfanin, wani lokaci cikin kwanaki. Kuma ƙarar da ta fara a Babi na 11 tana iya juyewa ta koma na 7, don haka kada ka saki jiki don ka ga lamba 11 a takardar farko. Birane suna da nasu babin, na 9, wanda wannan sashe bai shiga cikinsa ba. Da birnin Detroit ya karye a 2013, mafi yawan tallafin lafiyar tsofaffin ma'aikatansa aka zabtare.

Yadda Sashe na 1114 ke aiki

Daga ranar da aka shigar da ƙara, dole kamfani ya ci gaba da biyan inshorar 'yan fansho a kan lokaci, ba tare da ya canza komai ba. Wannan ya haɗa da kuɗin asibiti da tiyata, da na rashin lafiya da haɗari da naƙasa, da inshorar rai, na ɗan fanshon da matarsa da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Kuɗin da ake biya a wannan tsakani ana lissafa su cikin kuɗin tafiyar da kamfanin a lokacin shari'a, wato suna gaba da basussukan da ba su da jingina. To kada ka daina zuwa ganin likita, kada kuma ka daina biyan kasonka na wata don kawai ka ji labarin karyewa a talabijin. Wanda ya daina biyan kasonsa ya fitar da kansa da hannunsa.

Hanya biyu ce kawai kamfani zai bi ya canza wani abu: ko wakilin 'yan fansho ya yarda, ko alƙali ya ba da izini. Ga waɗanda inshorarsu ta fito daga yarjejeniyar ƙwadago, ƙungiyarsu ce wakiliyarsu, sai dai idan ta ƙi ko kotu ta ga bai dace ba. Wannan na ƙarshe yana da dalili. Ƙungiya tana da 'yan fansho, tana kuma da masu aiki a yanzu da ke son kamfanin ya rayu ko ta halin ƙaƙa, kuma buƙatun ɓangarorin biyu ba kullum suke tafiya tare ba. Ma'aikatan ofis da sauran waɗanda ba su da ƙungiya, kotu na iya ba da umarnin a kafa musu kwamitin 'yan fansho. Irin wannan kwamiti yakan ɗauki lauyoyi da masana lissafin inshora, kuma yawanci daga dukiyar kamfanin ake biyansu. Amma ba a cika kafa shi haka kawai ba, sai wani ya nema. Idan kana cikin waɗanda ba su da ƙungiya, abu mafi amfani da za ka yi a makonnin farko shi ne ka nemo tsofaffin abokan aikinka, ku rubuta wa ofishin amintaccen gwamnati mai sa ido kan ƙararrakin karyewa, wanda sunansa da adireshinsa ke cikin takardun kotu, ku nemi a kafa kwamiti. Ku kuma tabbatar an sa matar mamaci ko da guda ɗaya a ciki, domin matsalarsu ta sha bamban da ta kowa.

Kafin kamfani ya tunkari alƙali, dole ya gabatar wa wakilin da tayi a rubuce, ya buɗe masa littattafansa, ya zauna da shi da kyakkyawar niyya. Alƙali ba zai amince ba sai ya gamsu cewa ragin ya zama dole don kamfanin ya farfaɗo, cewa an raba wahalar da adalci tsakanin 'yan fansho da sauran masu haƙƙi, kuma wakilin ya ƙi tayin ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Abin yana gudu fiye da yadda mutane ke zato: ana sa ranar sauraro cikin kwana 14 da shigar da buƙatar, kuma alƙali yana da kwana 90 daga fara sauraro ya yanke hukunci. Wani ƙari da aka yi a 2005 ya toshe wata dabara: idan kamfani ya rage inshorar cikin kwana 180 kafin ya shiga kotu, alhali ya riga ya karye a zahiri, kotu na iya mayar da ita yadda take. Wanda kuɗin shigarsa ya kai dala 250,000 a shekarar da ta gabaci ƙarar ba ya cikin wannan kariya, sai ya nuna ba zai iya samun makamanciyarta a wani wuri ba.

A gaskiya kamfanoni sun fi yin nasara a wannan fage, kuma abin da kwamiti ke samowa yawanci sassauci ne. Kodak ta shiga kotu a Janairun 2012, kafin shekara ta ƙare ta daidaita da kwamitin 'yan fanshonta aka rufe inshorar mutum kusan 56,000. A madadin haka aka ba su tsabar kuɗi kaɗan, da takardar bin bashi ta dala miliyan 635 a layin waɗanda ba su riƙe da jingina. Adadin yana da daɗin ji, amma masu wannan layi ɗan abin da ya rage bayan bankuna sun ɗebi nasu suke rabawa. Ma'aikatan General Motors da Chrysler sun fi samun sa'a a 2009, domin ƙungiyarsu ta UAW ta riga ta ƙulla yarjejeniyar kafa asusun amana tun 2007, aka biya asusun da hannun jarin sababbin kamfanonin, ya fara aiki a 2010 kuma yana nan har yau. Masu haƙar kwal na Patriot Coal, kamfanin da aka ɓalle daga Peabody a 2007 aka ɗora masa nauyin dubban tsofaffi, sun sha kaye a gaban alƙali a 2013. Sai da suka yi shekaru suna zanga-zanga da zarya a Washinton kafin majalisa ta tabbatar da kuɗin maganin sama da mutum 22,000, tsofaffin mahaƙa da matan mamata, a 2017. Darasin da na ɗauka daga waɗannan labarai uku shi ne, gwargwadon yadda mutane suka haɗa kai tun kafin guguwa, gwargwadon abin da suka tsira da shi.

Takardar da za ta yanke maka hukunci

Kowane tsarin inshora na kamfani yana da ɗan littafin bayani da ake kira SPD. Nemo shi yau, kada ka jira gobe, ka haɗa da duk wasiƙar da aka ba ka lokacin ritaya, da yarjejeniyar ƙwadago idan akwai. Idan ya ɓace, rubuta wa mai kula da tsarin ka nema. Doka ta ba shi kwana 30, kuma kotu na iya cin tararsa har dala 110 a kowace ranar jinkiri. Jimla ɗaya kake nema a ciki, wadda ke cewa kamfani yana da ikon canza tsarin ko soke shi a duk lokacin da ya ga dama. Kusan kowane littafi na zamanin nan yana ɗauke da ita, kuma kotuna suna ba ta nauyi fiye da duk abin da manaja ya faɗa maka da baki ranar walimar sallama. A 2015, a shari'ar M&G Polymers da Tackett, Kotun Ƙoli ta ce idan yarjejeniya ta yi shiru game da tsawon lokaci, ba za a ɗauka cewa har abada ake nufi ba.

Shin kamfanin da ke da wannan jimla dole ne ya bi matakan Sashe na 1114? Kotuna sun rabu. A shari'ar Delphi a New York a 2009, alƙali ya bar kamfanin ya soke inshorar ma'aikatan ofis kusan 15,000 da suka yi ritaya, bisa hujjar cewa dama yana da ikon sokewa. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Visteon, kotun ɗaukaka ƙara da ke Filadelfiya ta ce a'a, da zarar an shiga kotu dole a bi matakan ko da akwai jimlar. Hukuncinta ya shafi jihohin Delaware da New Jersey da Pennsylvania, kuma manyan kamfanoni da yawa a Delaware suke kai ƙararsu. A ganina kotun Filadelfiya ce ta karanta dokar yadda aka rubuta ta, kuma ita ce ta tuna dalilin da ya sa aka yi ta bayan LTV. Amma ra'ayina ba zai biya maka kuɗin magani ba. Duba sunan kotun da ke saman takardarka, ka tambayi lauyan kwamiti wane hukunci ke aiki a can.

COBRA, da ƙa'idarta ta musamman ga 'yan fansho

Yawancin ma'aikata a Amurka sun san COBRA a matsayin dokar da ke barin wanda ya bar aiki ya ci gaba da inshorar kamfani na wata 18 idan zai biya da kansa. Kaɗan ne suka san tana da wani tanadi dabam na karyewar kamfani, wanda shi ma rikicin LTV ne ya haife shi. Idan kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye ya shiga kotun karyewa, kuma ya soke inshorar 'yan fansho ko ya zabtare mafi yawanta cikin shekara guda kafin shigar da ƙara ko shekara guda bayanta, ɗan fanshon yana da ikon ci gaba da inshorar har ƙarshen rayuwarsa. Samun Medicare, inshorar gwamnati ta waɗanda suka kai shekara 65, ma ba ya katse wannan irin COBRA, saɓanin wadda aka saba da ita.

Sharuɗɗa biyu ne ke rage wa wannan haƙƙi armashi. Na farko tsada: kai za ka biya kuɗin gaba ɗaya, naka da wanda kamfani ke biya a da, har kashi 102 cikin 100. Na biyu ya fi muni: COBRA tana rayuwa ne muddin kamfanin, ko wani reshe na gidansu, yana da tsarin inshora ga ko da wasu ma'aikatansa. Ranar da aka rufe tsari na ƙarshe, ta ƙare. Idan wani ya sayi kadarorin ya ci gaba da sana'ar ba tare da yankewa ba, akwai yanayin da nauyin ke komawa kansa, kuma wannan tambaya ce da ya kamata kwamiti ya yi da babbar murya kafin alƙali ya sa hannu a kan cinikin. Kana da kwana 60 ka zaɓi COBRA, daga ranar da inshorar ta ƙare ko ranar da aka aiko da sanarwa, duk wadda ta zo daga baya. Bayan ka zaɓa kana da kwana 45 ka yi biyan farko, kuma biyan yana komawa baya ya rufe tun daga ranar da aka yanke.

Matar mamaci

Nan ne na fi son a nutsu, domin nan ne aka fi yin kuskure, kuma mai kuskuren sau da yawa ba ta da wanda za ta tambaya. Doka ta raba mata gida biyu. Idan mijinki ya riga ya rasu kafin kamfanin ya shiga kotu, kuma kina cikin inshorar a matsayin matar mamaci har jajibirin ranar, kina da ikon ci gaba da COBRA har ƙarshen rayuwarki. Idan kuwa yana raye lokacin da aka shiga kotu, ke da 'ya'yan da ke ƙarƙashinsa kuna ciki muddin yana raye, sannan wata 36 bayan rasuwarsa, shi ke nan.

A yi lissafi da gidajenmu, inda ba abin mamaki ba ne miji ya girmi matarsa da shekara goma ko sha biyar. A ce maigida yana da 70, uwargida tana da 55. Shi Medicare ta riga ta ɗauke masa mafi yawan nauyi, ita kuwa saura shekara goma ta kai 65. Idan Allah ya yi masa rasuwa bayan shekara biyu, wata 36 ɗin za su kai ta 60, ta zauna shekara biyar babu komai sai abin da ta samo da kanta. Saboda haka idan ana zaman shawara a gida, matar ce ya kamata a fara yi wa lissafi, ko da sunan mijin ne a kan kati. Tana da ikon zaɓar COBRA ita kaɗai ko da shi ya ƙi. Idan ta kai 65 kuma, tana iya samun ɓangaren asibiti na Medicare ba tare da biya ba bisa shekarun aikin mijinta, in ya cika shekara goma yana biyan harajinta.

Akwai wata magana da ta shafe mu fiye da wasu. Tsarin inshora matar da doka ta sani kaɗai ya sani, kuma dokar Amurka mace ɗaya take lissafawa. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a kai shi rajista ba yana iya zama abin gardama a ranar da ba a son gardama. Maigida, tun kana da rai da lafiya, kira mai kula da tsarin ka tabbatar sunan iyalinka yana cikin rajistarsu, an rubuta shi daidai da na fasfo, ka nemi su aiko maka da shaidar haka a rubuce. Ka nuna mata inda takardun suke: shaidar aure, littafin tsarin, lambar katin. Wasu tsare-tsaren sukan yanke inshorar matar mamaci idan ta sake aure, wannan ma a cikin littafin yake, gara ta karanta kafin a sa rana. Inshorar rai da kamfani ke biya ita ma tana iya tafiya, kamar yadda ta faru da tsofaffin ma'aikatan Sears a 2019. Yawancin irin wannan inshora tana ba da damar mayar da ita ta ƙashin kai ba tare da gwajin likita ba, amma cikin ɗan lokaci, galibi kwana 31. Tana da tsada ga tsoho, amma ga wanda ciwo ya riga ya kama, wata ƙila ita ce kaɗai ƙofar da ta rage.

Ranakun da ba sa jira

Wanda bai kai 65 ba yana da kwana 60 kafin inshorar ta ƙare da kwana 60 bayanta ya sayi wata a kasuwar inshora ta gwamnati, wadda aka fi sani da Obamacare. Tun 2014 ba a hana mutum don yana da ciwon suga ko hawan jini, kuma ana samun rangwame gwargwadon kuɗin shiga. Sau da yawa ta fi COBRA araha nesa ba kusa ba. A gwada farashin biyun kafin a zaɓa, domin wanda ya ɗauki COBRA, kwana 60 ɗin suka wuce, sannan ya ajiye ta don tsada, sai ya jira lokacin rajistar shekara da ke buɗewa a Nuwamba. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Medicaid, ita ba ta da lokacin rufewa. Idan wani ya ba ka shawarar neman rangwamen harajin HCTC da aka taɓa ba masu karɓar fansho daga PBGC, tsohon labari yake ba ka, ya ƙare tun ƙarshen 2021.

Wanda ya haura 65, tarkonsa ɓangaren B na Medicare ne, wanda ke biyan ganin likita. Wasu sukan ƙi shiga don su tsira da kuɗin wata, suna cewa ai suna da katin kamfani. Medicare ba ta lissafa inshorar ritaya ko COBRA a matsayin uzuri. Wata 8 take bayarwa daga barin aiki, bayan nan sai tara: kashi 10 cikin 100 a kan kowace cikakkiyar shekarar jinkiri, har ƙarshen rayuwa, kuma sai tsakanin Janairu da Maris ake buɗe ƙofar shiga. Idan ba ka cikin ɓangaren B kuma ka ji kamfaninka na tangal-tangal, kada ka tsaya jiran alƙali. Ɓangaren D na magunguna shi ma yana da tara idan ka yi kwana 63 babu inshorar magani mai inganci. Labari mai daɗi ɗaya shi ne, idan inshorar kamfani da ke cike gibin Medicare ta ƙare, kana da kwana 63 ka sayi ta cike gibi, wato Medigap, ba tare da an tambaye ka tarihin ciwo ko an ƙara maka kuɗi saboda shi ba. Wasiƙar da ta sanar da kai ƙarewar inshorar ita ce hujjarka, a ajiye ta da ambulan ɗinta. Kowace jiha tana da ofishin SHIP da ke ba da shawara kan Medicare kyauta, kuma sashen EBSA na ma'aikatar ƙwadago yana amsa tambayoyin COBRA da tsare-tsaren kamfanoni, shi ma kyauta.

Sai kuɗin asibitin da aka riga aka kashe. Idan kamfanin inshora ne ke biya, shi zai biya duk abin da ya faru a lokacin da ake biyansa. Idan kamfaninku ne ke biya daga aljihunsa, takardun da suka maƙale kafin shigar da ƙara na iya zama bashi, asibiti kuma ya juyo kanka. Tura duk takardun da ke hannunka yanzu, ka sake karɓar magungunanka, ka yi gwaje-gwajen da likita ya rubuta tun kati na aiki. Kotu za ta sa ranar ƙarshe ta shigar da takardar shaidar bin bashi, fom mai lamba 410. Cike shi ba ya buƙatar lauya. Kada ka ɗauka ƙungiya ko kwamiti sun cike maka na kuɗin asibitinka na ƙashin kai, tambaya za ka yi. Za ka iya samun wasiƙu daga 'yan kasuwar da ke sayen irin waɗannan takardun bashi da rahusa. Halal ne a dokarsu, amma kada ka sa hannu kafin ka ji ƙiyasin lauyan kwamiti na abin da takardar za ta kawo.

Waɗanda suka koma gida bayan ritaya, Kano ko Yamai ko Kumasi, suna da ƙarin aiki. Medicare ba ta biyan magani a wajen Amurka sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kasuwar inshora ta gwamnati kuma ta mazauna ƙasar ce. Sanarwar kotu da ta COBRA adireshin ƙarshe da kamfani ya sani ake aika su, kuma kwanakin suna tafiya ko wasiƙar tana kwance a akwatin wani gida a Bronx da ka bari shekara biyar da suka wuce. Rubuta wa mai kula da tsarin da kuma kamfanin da kotu ta naɗa ya riƙa aika sanarwa, ka ba su adireshin wanda ka amince zai buɗe wasiƙa ranar da ta zo ya ɗauki hotonta ya turo maka. A manyan ƙararraki waɗannan masu aika sanarwa suna buɗe shafi a intanet inda ake sa duk takardun shari'ar kyauta, ana kuma iya rajistar imel don samun sanarwa kai tsaye. Idan kana da niyyar komawa Amurka jinya wata rana, yi lissafin tarar ɓangaren B kafin ka daina biyansa.